Ɗakin Mamaci Ba Na Wanda Ya Riga Shiga Ba Ne



Idan tsoho ko tsohuwa suka rasu, da an share makoki sai 'ya'ya da jikoki su buɗe ɗaki. Ga adaka a kan adaka, ga kwalla da tasoshi da aka jera tun ranar tarewa, ga buzu, ga gafaka ta yi ƙura. Wannan ta ɗauki zane ta ce na tunawa da Inna ne, wancan ya naɗe alkyabba ya ce ai shi ne babba. Abin da ya rage a ce tarkace ne, a kai juji.

To, a shari'a duk abin da mamaci ya bari, ko da allura ce, sunansa tarika. Malam Ibn Abi Zaid ya jera yadda ake fitar da ita a cikin Risala: likkafani, sannan bashi, sannan wasiyya, sannan gado. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Saboda haka wanda ya ɗauki zane kafin rabo, haƙƙin wani ya ɗauka. Hatta sadaka da tufafin mamaci, wadda mutane ke ganin alheri ce, ba ta halatta daga rabon maraya. Baligi yana iya yafe nasa, amma ba wanda zai yafe na yaro. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta kwatanta cin dukiyar marayu da cin wuta.

Wani abin da ake mantawa shi ne ba duk abin da ke ɗakin ne na mamacin ba. Tsofaffi su ne ma'ajiyar unguwa. Ƙullin kuɗin da aka tsinta a ƙasan kwalla, wataƙila zubin adashi ne. Takardar da ta yi ja, mai rubutun ajami, wataƙila shaidar jinginar gona ce, ko lissafin bashin da ake bin sa. Jikan da bai iya karanta ajami ba sai ya kai wa wanda ya iya kafin ya yar. Lokacin hijira, a shekarar 622, Annabi (SAW) ya bar Sayyidina Ali a Makka musamman don ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali a garin ne aka ƙulla kashe shi.

Sai kuma yagaggun warƙoƙin Alƙur'ani da tsofaffin alluna. Waɗannan ba a haɗa su da shara. A wanke allon a zuba ruwan inda ba a takawa. Takardun kuwa a binne su a wuri mai tsarki, ko a ƙone su, kamar yadda Sayyidina Usman ya yi da sauran rubuce-rubucen bayan an kammala kwafen Mus'hafi. Littafin da ke karantuwa kuma dukiya ce: a yi masa ƙima cikin gado, ko magada baligai su yarda a ba almajiran marigayin.