Yabon Kai Jahilci, Raina Kai Fa?

Hausawa na cewa yabon kai jahilci ne. Sai dai ba su bar mana wata karin magana mai ƙarfi irin wannan ba game da wanda ya raina kansa. Tambayar da wannan maƙala ke son tayarwa ita ce: idan ɗalibi ya auna basirarsa, da mudun wa yake yin awon, kuma ko rage mudu tawali'u ne?

A shekarar 1992, wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Halla Beloff ta nemi ɗaliban Jami'ar Edinbara da su ƙiyasta makin basirarsu da na iyayensu. Maza suka ba kansu kimanin maki shida fiye da abin da mata suka ba kansu. Abin mamaki kuma, maza da matan duk sun ɗora ubanninsu bisa uwayensu. Daga baya Adrian Furnham na Landan ya maimaita irin wannan bincike a ƙasashe da dama, ya kuma gano cewa iyaye ma kan fifita basirar 'ya'yansu maza a kan ta mata. Alhali kuwa gwaje-gwajen basira ba su nuna wani bambancin a zo a gani ba tsakanin jinsunan biyu. Ashe ke nan bambancin yana cikin zato ne, ba cikin ƙwaƙwalwa ba.

Haka lamarin yake ta fuskar gida. A 1964, Pierre Bourdieu da Jean-Claude Passeron sun nazarci ɗaliban jami'o'in Faransa, suka nuna cewa ɗan gidan masu ilmi yakan taso cikin littattafai da salon maganar malamai, har ya ɗauki wannan gado a matsayin baiwa. Shi kuwa ɗan manomi ko lebura, in ya yi tuntuɓe da wannan salo, sai ya zargi ƙwaƙwalwarsa. A nan ma muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Maganar takan ƙarfafa ɗan malami, amma ka yi tunanin yadda take sauka a kunnen wanda shi ne na farko a zuriyarsu da ya taka jami'a.

To, ina laifin wanda ya ƙasƙantar da kansa? Wani zai ce ai kunya ado ce, musamman ga 'ya mace, kuma gara a raina kai da a yi girman kai. Wannan hujja tana da nauyi, amma ta cakuɗa abubuwa biyu. Tawali'u shi ne mutum ya san abin da Allah ya ba shi, bai kuma yi taƙama da shi ba. Raina kai kuwa musun baiwar ne ɗungurungum, wato shaidar zur da mutum ke yi wa kansa. Illarsa a fili take: ɗalibar da ta gaskata cewa ba ta kai ba, ba za ta ɗaga hannu a aji ba, ba za ta nemi gurbin digiri na biyu ba, al'umma kuma ta yi hasarar likita ko alƙaliya ba tare da ta sani ba. Da Nana Asma'u ta auna kanta da irin wannan mudu, da ba a sami 'Yan Taru ba.

A taƙaice, adalci ga kai wajibi ne kamar adalci ga wani. Ya kamata ɗalibi ya nemi shaida daga aikin hannunsa, ba daga sunan gidansu ko jinsinsa ba. Mu kuma iyaye da malamai mu lura da kalamanmu, domin mudun da muka auna yaro da shi yau, da shi zai riƙa auna kansa har tsufansa.