Ɗana, Wa Ya Biya Kuɗin Hular?

Ɗana, jawo tabarma ka zauna kafin a kira la'asar. Na ga hular nan da ka shigo da ita lokacin yaƙin neman zaɓe, mai hoton ɗan takara a goshi, na kuma ga rigar da har yau ƙanenka ke kwana da ita. Ban tanka maka ba a lokacin, don ganga na tashi, kuma wanda ya shiga tsakanin saurayi da kiɗa shi ke shan kunya. Yanzu ƙura ta lafa, waɗanda za su zauna a kujera sun zauna. Tambaya guda nake da ita: wa ya biya kuɗin hular?

Za ka ce ɗan takara. To, shi kuma a ina ya samo?

Bari in ɗan koma baya, don ku yaran yanzu kuna ganin kamar zaɓen magajin gari da shi aka halicci N'Djamena. Ni da na yi wayo, magajin gari naɗa shi ake yi daga sama, da sa hannun shugaban ƙasa, mu kuwa sai dai mu ji a rediyo. Sai ranar 22 ga Janairun 2012 aka ce mu fito mu zaɓi 'yan majalisar gari da hannunmu, a zamanin marigayi Idriss Déby. Wa'adinsu shekara shida aka ce. Shida ta cika, aka ce a dakata. Aka yi ta dakatawa, magadan gari suna ta sauyawa kamar riga, har ta kai aka koma naɗi, ba a sake kiranmu ba sai ranar 29 ga Disamban 2024, inda aka haɗa zaɓen 'yan majalisar dokoki da na larduna da na garuruwa a rana guda. Ka lissafa da kanka, kusan shekara 13 ke nan. Yaron da aka yaye a zaɓen farko ya kusa fara gemu a na biyu. Abin da ba ya zuwa sai bayan irin wannan jira, ai ba a musanya shi da hula.

Ka fara sanin yadda abin yake tafiya, don na lura yawancin abokanka ba su sani ba. Birnin nan gunduma goma ne, daga Farcha a ta ɗaya har Goudji da Lamadji a ta goma, kowace da majalisarta da magajinta, sannan ga babbar majalisar birni a samansu. Kai ba magajin gari kake zaɓa ba. Jerin sunaye kake zaɓa, wanda jam'iyya ta tsara, kuma ba ka da ikon ɗaga na ƙasa ka kai shi sama. In kujerun jerin nan kaɗan ne, na sama su shiga, na ƙasa su koma gida da hularsu. Saboda haka cinikin farko ba a rumfar zaɓe ake yin sa ba, a falon wani babba ake yi, ranar da ake rubuta wa zai zo na ɗaya, wa zai zo na goma sha biyar. Tun 2018 doka ta ce a ba mata aƙalla kashi 30 cikin 100 na muƙamai, na naɗi da na zaɓe. Doka ce mai kyau, amma ka riƙa duba a wane layi aka sa sunayensu, don mace a gindin jeri ado ce kawai.

Ciniki na biyu kuwa bayan kai ka koma gida ake yin sa. Kansilolin da suka ci su ne za su taru a ɗaki su zaɓi magajin gari da mataimakansa daga cikinsu. Ka yi tunani a nan. Sayen dubban mutane a Dembé ko Diguel aiki ne mai tsada da wahala, amma mutanen da ba su cika aji guda na makaranta ba fa? Ban ce kowa na sayuwa ba, akwai masu tsoron Allah a cikinsu, na san wasu. Na dai ce ƙofar a buɗe take, kuma a ranar babu mai gadinta in ba idon mutanen unguwa ba.

Yanzu mu zo ga kuɗin. Ka tuna ofisoshin goyon baya da suka cika unguwanni, kowane lungu da nasa, an shafa wa bango fenti, an kafa tuta? Ka tsaya a gaban guda ɗaya ka ƙirga abin da idonka ya gani. Rumfar tamfol haya ce. Kujerun roba haya ne, kowace da farashinta a yini. Ga janareta da manta, ga lasifika da mai kiɗa, ga shayin da ba ya sauka daga kan gawayi tun hantsi, ga turamen atamfa masu hoto da aka raba wa mata, ga 'yan kalando masu babur da aka cika wa tanki don su yi jerin gwano suna ta ƙaho daga Chagoua har tsakiyar gari. In taro ya watse kuma a miƙa wa kowa kuɗin komawa gida. Ka ninka wannan da yawan ofisoshin, ka ninka da kwanakin yaƙin neman zaɓe. Sannan ka tambayi kanka ko alawus ɗin kansila, ko da zai haɗa na wa'adinsa gaba ɗaya bai ci ko ƙwandala ba, zai iya mayar da wannan. In bai iya ba, to akwai wanda ya zuba, kuma ɗan kasuwa ba ya zuba kuɗi a rijiya. Ni ɗan kasuwa ne, na san halinmu.

Ba zan yi maka wa'azi daga kan tudu ba, ni ma na taɓa faɗawa. A zaɓen 2012 wani ɗan takara ya aiko mana da buhun sukari da jikka biyar-biyar, mu 'yan layinmu a kasuwa. Muka karɓa, muka yi masa addu'a, muka kuma jefa wa jerinsu ƙuri'a. Ba a yi shekara ba sai ga wasu samari da ɗan littafi, wai kuɗin wurin zama ya ƙaru. Mai karɓa ya karɓa, in ka nemi rasit ya ce littafin ya ƙare, gobe. Bayan nan aka ce za a gyara layin, aka tashe mu, da aka gama gyara sai muka tarar rumfunan bakin hanya, masu ciniki, an ba wasu da ba mu taɓa ganin fuskarsu a kasuwar ba. Muka haɗa tawaga muka je wurin mutumin namu. Ya karɓe mu da fara'a, ya sa aka kawo shayi, ya ce zai duba. Ni kuwa ina riƙe da kofin ina jin harshena ya yi nauyi, don na san sukarin da ke ciki ɗan'uwan wanda na kai gida ne. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Jikka biyar ɗin nan na biya ta ninkin ba ninki, dala ashirin yau, dala arba'in gobe.

Za ka ce ai akwai hukuma. Akwai. Hukumar zaɓe ta ANGE, wadda aka kafa a farkon 2024 ta maye gurbin tsohuwar CENI, ita ke shirya zaɓe da sanar da sakamakon farko. Akwai kotun binciken kuɗin gwamnati, wadda tsarin mulkin 2018 ya rushe ya mai da ita sashe a Kotun Ƙoli, gyaran 2020 kuma ya dawo da ita. Akwai hukumar yaƙi da cin hanci da aka kafa a 2023. Amma mai bincike takarda yake bi, kuɗin zaɓenmu kuwa ba ya bin takarda. Daga aljihun babbar riga yake fita ya shiga ambulan, daga ambulan ya shiga hannu, da daddare, ba shaida. Ko alƙalin da ya fi kowa gaskiya ba ya iya binciken abin da ba a rubuta ba.

Faransa, wadda muka kwafo yawancin dokokinmu daga wurinta, ta sha wannan ciwon kafin ta nemi magani. A 1990 suka kafa hukuma ta musamman mai duba asusun yaƙin neman zaɓe. Ɗan takara ba ya taɓa kuɗin da hannunsa, sai ya naɗa wakili guda, a buɗe asusun banki guda, duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita ya bi ta nan. Daga 1995 aka hana kamfanoni ba da gudummawa kwata-kwata, mutum ɗaya kuma ba ya wuce yuro 4,600 a zaɓe. A zaɓen gari, duk garin da ya kai mutum 9,000 akwai iyakar abin da za a kashe. Kuma dokar tana cizo: Nicolas Sarkozy, wanda ya riƙe shugabancin ƙasar, an yi watsi da lissafinsa na zaɓen 2012 saboda ya wuce iyaka. Ba ina yabon Faransa ba ne, ka san ra'ayina a kansu. Amma in maƙwabcin da ba ka so ya gina rumbu mai kyau, ka leƙa ka ga yadda ya ɗora jinka.

Kada kuma ka ɗauka rubuta iyaka a doka shi ke nan. Dubi 'yan'uwanmu na Najeriya. Dokar zaɓensu ta 2022 ta ce mai neman kansila a yankin Abuja kada ya kashe fiye da naira miliyan 5. A Kano kuwa, a 2024, hukumar zaɓen jihar ta sanar da cewa takardar tsayawa takarar kansila kaɗai naira miliyan 5 ce, ta shugaban ƙaramar hukuma miliyan 10, har sai da maganar ta kai kotu. Malamin makaranta ko tela mai mutunci a unguwa ina zai samo wannan? Sai ya nemi ubangida, ubangida kuma ba ya mantuwa.

Inda bashin ke fitowa fili shi ne damina. Ka tuna Oktoban 2022, da kogunan Shari da Logone suka cika suka tumbatsa, mutanen Walia suka kwashe 'ya'yansu a kwalekwale suka koma kwana a tantuna. A 2024 ma ruwa ya yi ɓarna a ƙasar baki ɗaya. Kogi ba magajin gari ya cika shi ba, wannan ikon Allah ne, kada ka zalunci kowa. Amma ruwan saman Agusta da ke kwanciya a ƙofar gidanmu mako guda, har sauro ya yi gari, wannan maganar lambatu ce. Wa aka ba kwangilar yashe shi? Nawa aka biya? An yashe, ko an kwashe sharar an tara a baki ruwan farko ya mayar? Wa ya sa hannu aka yanka fili a kan hanyar ruwa? In ka bi sawun waɗannan tambayoyi, sau da yawa za su kai ka ƙofar wanda ya biya kuɗin rumfa da kujeru.

Ba zan gaya maka jam'iyyar da za ka bi ba. A zaɓen Disamban 2024 jam'iyyar adawa ta Succès Masra ta ƙaurace, jam'iyya mai mulki ta MPS ta kwashi kujeru 124 cikin 188 a majalisar dokoki. Masu ƙauracewa suna da hujjarsu, musamman bayan zaɓen shugaban ƙasa na 6 ga Mayun shekarar, inda hukumar zaɓe ta hana ɗaukar hoton takardar sakamako a rumfuna, abin da ya sa zukata da yawa ba su kwanta ba. Na fahimce su. Sai dai kujerar kansila ba ta zama fanko don ka yi fushi, wani zai zauna a kai ya yanka maka haraji. Kuma ban ce ka ɗauki dutse ba. Mun ga zanga-zangar 20 ga Oktoban 2022, mun san gidajen da har yau ake kuka. Ni biro nake so in gani a hannunka. In an hana hoto, ba a hana ka tsayawa a ƙirga ƙuri'a a gabanka ka rubuta a littafinka ba.

Sauran aikin kuwa na kullum ne, ba ya jiran shekarar zaɓe. Duk wanda ya karɓi ko dala ɗaya a hannunka da sunan gari, ka ce ya ba ka rasit mai hatimi, cikin ladabi, ba tare da ɗaga murya ba. In ya ce gobe, ka ce kai ma gobe. Ni tun daga abin nan da ya same ni nake tara nawa a gwangwanin madara, yana nan ƙarƙashin gado, uwarka na yi mini dariya. In ka ji majalisar gundumarku za ta zauna kan kasafin kuɗin shekara, ku je ku uku ko huɗu da tsabtatattun riguna ku nemi a bar ku ku saurara. In an hana ku, ku tambayi dalili, ku rubuta ranar. Wanda ya zo neman ƙuri'arka kuma, bayan gaisuwa, ka tambaye shi a gaban mutane wa ke ɗaukar nauyin tafiyarsa. Yadda zai amsa, ko yadda zai sauya magana, ya ishe ka.

Ga ladan can ya fara. Gobe in Allah ya kai mu, kafin ka wuce kasuwa, ka biya ta ofishin gunduma ka rubuto mini sunayen kansilolinmu duka, da unguwar da kowanne yake kwana. Hular kuma ka ba ƙanenka, rana na dukansa a hanyar makaranta.