Inda Ruwa Ya Ɓullo Ba Nan Ya Shiga Ba

Idan ka shiga ɗaki ka ga fentin bango ya kumbura daga ƙasa yana ɓarewa, wani farin gishiri yana zubowa, kada ka ɓata bakinka wajen tambayar irin fentin da aka shafa. Zagaya ka duba abin da ke bayan bangon. Galibi banɗaki za ka tarar, kuma tsaf za ka same shi, tayil na ta sheƙi, babu inda za ka nuna ka ce ga laifi. Ɓarnar tana can ɗakin kwana: a gindin ƙyauren da ya ruɓe, da bayan durowar da tufafin cikinta suka fara warin fumfuna.

Shi tayil ba ya shan ruwa sosai. Farin simintin da aka cike tsakaninsa da shi ne mai sha, balle idan an shekara ana goge shi da ruwan wanki mai asid, wanda ke cinye siminti a hankali. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan wanka da na alwala ya bi ta nan, ko ta bakin rariyar da ba a liƙe da kyau ba, ya sauka cikin yashi da simintin da aka ɗora tayil a kai, ya kwanta. Can ƙasa babu rana, babu iska. Daga nan bulo ya shiga jan sa sama, yadda lagwani ke jan kananzir, har ya kai kusan mita 1 a jikin bango. Ta gefen banɗaki tayil ya tare shi, don haka sai ya fita ta ɗaya gefen, ya bushe, ya bar gishirin da ya kwaso daga siminti da ƙasa. Gishirin nan ne ke ture fenti. Ka shafa sabo sau goma, sau goma zai ture shi.

A gidan bene abin ya wuce na kwalliya. Ruwan da ya ratsa dekin yana isa ga rodi, rodi ya yi tsatsa, ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninkin-ba-ninkin. Sai ta tura kankare daga ciki har ya tsage, ɓarɓashi ya fara faɗowa. Tsoffin masai ma haka murfinsu ke ruftawa.

Magina na dā sun san halin ruwa, shi ya sa ba su yarda ya kwana a gida ba. A gidan ƙasa na cikin birnin Kano ko Zariya, makewayi yana can ƙuryar gida, sau da yawa ba rufi, rana na dukansa, rariya a buɗe kowa na ganin inda ruwa ya nufa. Soro yana da indararo mai jefa ruwa nesa da gindin katanga. Ana shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, masu hali kuma su yi laso da katsin marina. Kafin kowace damina a bi gida da yaɓe. Ba ina cewa a koma can ba ne. Wanda ya taɓa fita makewayi da tsakar dare cikin ruwan Agusta ba zai yi kewarsa ba. Amma mun ɗauko banɗaki mun shigo da shi har gefen gado, mun binne fayif cikin bango, mun rufe komai da tayil, ita kuwa waccan kulawar mun baro ta a tsakar gida.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, mai zubar da ruwan ba shi ne ke ganin ɓarnarsa ba. Na saman bene yana wankansa hankali kwance, na ƙasa ke tara bokiti. A gidajen haya da ake jera ɗakuna bango ɗaya, banɗakin wannan ne ke cin katifar wancan. Kuma idan ka je masa da magana, da gaskiyarsa zai buɗe maka ƙofa ya ce, "Malam, shigo ka gani da idonka, ko ɗigo babu." Bai yi ƙarya ba, bai kuma fita daga haƙƙin maƙwabcinsa ba. Da yawa daga cikin cutarwar da muke yi wa juna irin wannan ce: ta ɓangarenmu komai a bushe yake, sai mu ɗauka mai ƙorafin ne ke da neman fitina.

Mai gida shi ma yana da tasa amsar a shirye. "Alhaji, bangon nan fa ya sake jiƙewa." "Damina ce, bari ta wuce a yi fenti." To, bangon da ke jiƙe a watan Maris, ana tsakiyar rani, rabon da a ga ruwan sama tun Oktoba, me ya haɗa shi da damina?

Gano mashigar ruwan ba shi da wuya. A rufe duk famfunan gida da dare, a yi alama a jikin tanki. Idan da safe ruwan ya ragu, akwai fayif ɗin da ke yoyo. Idan bai ragu ba, a toshe rariya, a cika daɓen banɗaki da ruwa kamar santimita 3, a yi alama inda ya tsaya, a bar shi awa 24 ana lura da alamar da kuma bayan bangon. Idan daɓen ne, babu dabara sai a ɗaga tayil, a kwashe jiƙaƙƙen yashin, a bar wurin ya sha iska makonni; hunturu ya fi dacewa da wannan aiki. Sannan a shafa kwalta ko wani maganin hana ruwa, ya hau bango aƙalla santimita 15, a kula da kusurwoyi da bakin rariya, domin nan ne ake yawan yin ha'inci. Katakon ƙofar da ya ruɓe a cire shi gaba ɗaya, gara ba ta da abincin da ya fi jiƙaƙƙen katako.

Sai gangare. Daɓe yana buƙatar ya sunkuya wajen rariya da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Mai sa tayil da yawan mitar da ya shimfiɗa ake biyansa, gangare kuwa yana cin lokaci, saboda haka wani zai miƙe maka shi sumul, ka wayi gari kana kora ruwa da tsintsiya bayan kowane wanka. Kafin ka ba shi cikon kuɗinsa, ɗebo bokiti guda ka sheƙa a kusurwar da ta fi nisa da rariya, ku tsaya tare ku ga inda ruwan zai bi.