Wanda Ya Sayi Rariya, Yana Da Bakin Kuka?

Akwai wata magana da Hausawa kan toshe bakin mai ƙorafi da ita, wai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Da zarar an faɗa maka haka shi ke nan, sai ka haɗiye kukanka ka koma gida. To ni kuwa yau so nake mu zauna mu juya wannan magana, mu ga ko kullum gaskiya take faɗa, ko kuwa wani lokaci mayafi ce da macuci ke lulluɓa da ita. Abin da ya jawo zancen shi ne ƙananan motocin nan masu sauƙin kuɗi da samarinmu na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ke rububin saye, irin su Peugeot 206 da Golf da Starlet da Picanto, waɗanda ake shigowa da su gida da guɗa, bayan wata shida kuma ka tarar da su a gindin darbejiya an tokare su da dutse, kaji na kwana a ƙarƙashinsu.

Kowa ya san yadda abin yake farawa. Yaro ya gama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, ko ya samu ɗan ciniki a kasuwa, sai zuciyarsa ta ce masa ya wuce babur. Kuɗinsa ba su kai na babbar mota ba, sai a ce masa ai ga ƙarama nan, ba ta shan mai, kayan gyaranta birjik, kuma 'yan mata na son ta. Sau da yawa ma kuɗin ba nasa ne shi kaɗai ba. Uwa ta sayar da sarƙarta ta gwal, yaya ta ba da kwasar adashinta, an sayar da saniyar gado. Saboda haka ranar da motar ta tsaya, ba zuciya ɗaya ce ke karyewa ba, gida ne guda. Wannan ya sa nake ganin tambayar ba ta wasa ba ce: idan abin da ka saya da arha ya ba ka kunya, laifin wa ne, kuma kana da hakkin ka yi kuka?

Bari mu fara da ita kanta motar, domin ita ba ta da bakin kare kanta. Peugeot 206 ta fito a Faransa a 1998, Golf ta uku kuwa a Jamus a 1991, Toyota kuma ta daina ƙera Starlet ta asali tun 1999. Waɗanda suka zana su, tunaninsu na kan matashi ko matar aure a birni, mai tafiyar ɗan gajeren zango a kan kwalta mai santsi, daga shi sai jakar cefane. Shi ya sa injinsu ƙarami ne, cikinsu kuma kusa da ƙasa. Ba su san ramukan hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ba, ba su san yashin hanyar Zurmi zuwa Jibiya ba, ba su san zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu da ke toshe lagireto ba. Mu kuma da muka karɓe ta, sai mu zuba mata mutum bakwai, mu ɗora buhun gero biyu a but, ranar Alhamis mu nufi kasuwar Shinkafi da ita. Tun 1929 jirgin ƙasa ya iso Ƙaura yana kwasar gyaɗa da auduga, yau kuma aikin tarago muke nema daga abin da bai fi akwatin lefe girma ba. Idan ta durƙusa a nan, wallahi ba ta ci amanar kowa ba. Kakanninmu sun san jaki, sun san doki, ba su taɓa jin haushin jaki don bai yi sukuwa ranar hawan sallah ba.

A wannan gaɓar karin maganar ta yi gaskiya. Kowane abu yana da iyaka, kuma wanda ya ga iyakar da idonsa ya saya, to ya saya da ita. Ƙanƙantar inji iyaka ce, matsin kujera iyaka ne, rashin tsayi daga ƙasa iyaka ne, duk a fili suke ranar ciniki.

Amma akwai abin da ya bambanta da iyaka, shi ne aibi. Motocin nan kusan dukkansu gwanjo ne. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka. Wata ta yi shekara ashirin tana aiki kafin ta hau jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas. Wata ma ta zaga hannu uku a nan gida. Tsufa ba laifi ba ne in an faɗa. Laifin yana wajen dillalin da zai mayar da agogon tafiyarta baya, ya zuba mata baƙin mai mai kauri don injin ya daina ƙara na kwana biyu, ya shafe tsatsa da sabon fenti, ya cire ɗan ƙwan da ke kunnawa a gaban direba in inji na da ciwo, sannan ya rantse da Allah cewa wata tsohuwar Baturiya ce ke zuwa cefane da ita. Wani kuma ya haɗa ka da takardun kwastan na bogi, alhali ya san tun watan Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ranar da aka tare ka a hanya ka san abin da ka saya.

To jama'a, wannan yaron rariya ya saya? A'a. Ƙwarya aka nuna masa, aka liƙe hujojin da ƙullu. Kuma duk wanda ya zauna gaban malam a zaure ya karanta Risala ya san hukuncin: ɓoye aibin kaya a ciniki bai halatta ba, wanda kuma ya gano aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Babu inda aka ce wannan hakki na mai sayen abu mai tsada ne kawai. Arha tana rage girman abu da ƙyallinsa da daɗewarsa, amma ba ta rage wa mai saye hakkinsa na a gaya masa gaskiya ko da ƙwayar gero. Hasali ma talaka ya fi mai kuɗi buƙatar gaskiyar, domin Alhaji in aka cuce shi a mota ɗaya zai shiga ta biyu, shi kuwa wannan yaro duk abin da gidansu ya mallaka ne ya zuba.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muka mai da cuta wayo. A majalisa za ka ji ana yi wa wanda aka cuta dariya, ana cewa ai shi ne bai buɗe ido ba, shi kuwa macucin ana ce masa ɗan kasuwa. Daga nan sai wanda aka cuta ya koyi darasin da bai kamata ba: ya kai ta gareji a lallaɓa ta, ya wanke ta fes, ya nemi wani yaron da bai sani ba ya sauke masa. Haka mota ɗaya za ta zaga gari tana raba baƙin ciki gida gida, kowa na cewa shi ma haka aka yi masa. Cutar da aka yi maka ba ta zama lasisin ka cuci wani ba.

Kuma a ƙasarmu ta yau maganar ta wuce asarar kuɗi. A wani wurin in mota ta mutu a hanya, ɓata lokaci ne kawai. Tsakanin Zurmi da Ƙaura, ko Ƙaura da Shinkafi, kowa ya san abin da shekarun nan na 'yan bindiga suka mai da daji. A watan Satumbar 2021 har layukan waya aka rufe a jihar Zamfara, wanda motarsa ta tsaya a lokacin ko kiran bakanike ba zai iya ba. Mutumin da ya san injin motarsa na tafasa, ya ɓoye, ya sayar wa yaron da zai ɗauki mahaifiyarsa zuwa asibiti a Gusau, ya tambayi kansa me ya sayar. Ina jin tsoron kada ya tarar da rai a cikin lissafinsa ranar gobe.

Sai dai kuma, ɗan'uwana mai mota, kada ka ce na gama wanke ka. Akwai wani kaya da ka ɗora wa motar nan wanda ya fi buhun gero nauyi, shi ne burinka. Tsakaninka da Allah, abin hawa kaɗai ka je saye, ko kuwa har da gaisuwar mutane da murmushin wadda kake zuwa zance wajenta? Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. A Indiya kamfanin Tata ya fito da wata 'yar mota mai suna Nano a 2009, a kan rufi dubu ɗari, don iyalin da ke cunkusuwa a babur su samu rufin asiri. Aka yi ta shelar cewa ita ce mota mafi arha a duniya, sai mutane da yawa suka guje ta, domin ba wanda ke son a nuna shi a ce ga mai motar talakawa. A 2018 aka daina ƙera ta. Ka ga ashe ɗan Adam ko'ina yake, in ya je sayen mota yana haɗawa da neman mutunci, mutunci kuwa ba a ƙera shi a masana'anta. Ranar da abokinka ya faka wadda ta fi taka, a ranar taka za ta fara yi maka muni ko da lafiyarta ƙalau. Wannan ɓacin ran ba dillali ne ya sayar maka da shi ba.

A nan mu mata ma muna da namu kason. Yarinyar da ke leƙen makullin da ke hannun saurayi kafin ta dubi halinsa, da uwar da ke cewa 'yarta ba za ta auri mai babur ba, su ne ke tura yara cin bashi don su sayi abin da ba za su iya ciyarwa ba. Mota kuwa kamar amarya ce, sadakinta ne ƙarami a cikin hidimarta. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, a 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da dama. Darajar naira ta faɗi, kayan gyara da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo. Yaron da ya lissafa kuɗin saye bai lissafa na mai da taya da bakanike ba, ya sayi abin da zai riƙa cin abincin gidansu.

To ina muka kwana? Ni dai a ganina, kafin mu jefi mai ƙorafi da karin magana, mu tambaye shi me ya same shi. In iyakar da ya gani da idonsa ce ta dame shi, ya yi haƙuri, ya rage mata kaya, ya gode wa Allah da ta raba shi da rana da ruwan sama. In burinsa ne ya fi ƙarfin motar, wannan gyaran a zuciya yake, ba a gareji ba. Amma in aibi aka ɓoye masa, to yana da bakin kuka, kuma wajibi ne dattawan tasha da shugabannin dillalai da masu unguwa su tsaya masa har a mayar masa da hakkinsa, maimakon a ce masa ya bar wa Allah alhali macucin na zaune a sahun gaba.

Kai kuma mai niyyar saye, tafi da bakaniken da kai ka zaɓa, ba wanda dillali ya kawo ba. Ka hau ta a irin hanyar da za ka riƙa bi, ka tantance takardunta, a yi ciniki gaban shaidu a rubuta. Kai mai sayarwa, faɗi ciwonta ka rage kuɗin, ɗan abin da ya rage maka ya fi albarka.

Allah ya tsare mu da cuta da cutarwa, ya kai matafiyanmu gida lafiya, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Zamfara. Amin. Wassalam.