Sadakar da Muke Sharewa da Tsintsiya

Sau da yawa mukan ce ba mu da abin yin sadaka, alhali kullum muna share shi daga tsakar gida. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya yi wa mai shuka albishir da ladan sadaka a kan abin da mutum, tsuntsu ko dabba suka ci.

To, ki fara da zogale. Ki bari kwanson ya bushe a jikin bishiya, ki ɓare, ki adana irin a kwalba da ɗan toka saboda ƙwari. In kin shuka, cikin mako biyu ya tsiro. Ƙwallon kuka kuwa taurin kai gare shi, sai kin goga bayansa a dutse, ko ki zuba masa ruwan zafi ya kwana. Ɗalibaina sun taɓa ajiye 'ya'yan darbejiya wata shida, wallahi ko ɗaya bai fito ba. Ba sa son ajiya, haka ma ƙwallon mangwaro.

Ledar fiya wata ta isa: ki huda gindinta, ki cika da ƙasa da taki, ki ajiye a inuwa, ki riƙa tara mata ruwan alwalarki. Damina na sauka ki dasa. Akuya ma in ta ci akwai lada, amma dai ki kange shi tukuna har ya girma.