Gajiya Ba Ragonci Ba Ce

Mutane suna zargin rago, kuma da gaskiyarsu. To, amma wanda ake yi wa maganin ciwon daji, watau kemo, in ya wuni kwance, shin rago ne?

Ko kusa. Aikin wannan magani kashe ƙwayoyin daji masu saurin yaɗuwa, amma yakan taɓa ɓargo, inda jiki ke yin jini. In jini ya ragu, ƙarfi ya ragu. Irin wannan gajiya kuwa barci ba ya kawar da ita. Sau da yawa akan ba da maganin bayan kowane kwana 21, domin jiki ya farfaɗo.

Saboda haka haƙurin majinyaci ba ɓoye gajiya ba ne don kunya. Haƙurinsa shi ne ya gaya wa likita, ya ɗan taka a tsakar gida sa'ad da ya ji dama-dama, aiki mai nauyi ya bar wa 'yan'uwa. Wanda ya ƙi taimako don kada a ce ya kasa, girman kai ya yi, ba jaruntaka ba. Su kuma 'yan'uwa kada su matsa masa, gama mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.