Gudu Ba Tare da Zomo Ba: Me Mai Tseren Sha'awa Yake Nema?

Masu iya magana kan ce, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Abin nufi shi ne, ba a shan wahala sai domin wani abu da ake kwaɗayin samu. A al'adarmu ma, babba ba ya gudu haka kawai. In aka ga magidanci ya tattare riga ya sheƙa, abin da za a fara tambaya shi ne ko lafiya. To amma sai ga shi akwai wasu bayin Allah, ɗalibai da malamai da ma'aikata, waɗanda kan tashi da asuba su yi ta gudu, ba wanda ya koro su, ba kuma zomon da suke bi. Tun daga 2016 da aka fara gasar gudun yada-ƙanin-wani ta birnin Legas, dubban mutane ne ke shiga kowace shekara, alhali mafi yawansu sun san ko ƙurar na gaba ba za su gani ba. Tambayar da muke son mu tattauna a nan ita ce: shin wahalar da mutum ya ɗora wa kansa, ba don kuɗi ko suna ba, tana da wata daraja, ko kuwa ɓata lokaci ce kurum?

Bari mu fara duba irin wahalar. Tsawon wannan gudu kilomita 42 ne da mita 195. Masana sun bayyana cewa idan aka kai wajen kilomita 30, sukarin da jiki ya taskace a cikin tsoka da hanta yakan kusa ƙarewa, sai ƙafafu su yi nauyi, zuciya ta shiga raya wa mutum ya tsaya. Daga nan abin ya tashi daga tsere da jama'a, ya koma kokawa tsakanin mutum da ransa. A gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meksiko, John Stephen Akhwari na Tanzaniya ya faɗi tun kafin a kai rabin tafiya, ya ji mummunan rauni a gwiwa. Aka ɗaure masa ƙafar, ya ci gaba yana ɗingishi, har ya shigo fili fiye da awa guda bayan Mamo Wolde na Habasha ya lashe gasar. Shi ne na ƙarshe. Da aka tambaye shi dalili, sai ya nuna cewa ƙasarsa ta turo shi ne don ya gama tseren, ba don ya fara kawai ba. Darasin farko ke nan: cika alkawari ko da babu sauran abin da za a samu.

Tseren keke na cikin fili kuwa wani darasin yake koyarwa. Filin zagayayye ne mai siffar ƙwai, yawanci mita 250, kuma kwanoninsa a karkace suke kamar bakin akushi. Akwai irinsa a babban filin wasa na Abuja, wanda aka gina domin wasannin Afirka na 2003. Keken da ake hawa ba shi da birki, fedarsa kuma a haɗe take da tayar baya, wato muddin keke na tafiya, ƙafa ba ta hutawa. Babban abokin gabar mahayi iska ce. Wanda ya laɓe a bayan wani yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe. Saboda haka a tseren ƙungiya, inda mutum huɗu kan yi mita 4,000 a jere, taya na kusan taɓa taya, kowa yakan karɓi gaba ya sha iskar, sa'an nan ya hau gefe ya koma baya. Ba a lissafa lokacin ƙungiya da wanda ya fara shiga, sai da na uku. Gwanin da ya tsere ya bar 'yan'uwansa bai ci komai ba. Wanda kuma ya ƙi karɓar gaba, ya ci gumin wasu. Ga amana, domin mai bin bayan wani a keke marar birki ya damƙa lafiyarsa a hannun na gaba. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

A wannan fage ne aka yi Graeme Obree, mutumin Sukotland, wanda ya ƙera kekensa da hannunsa, har ya sa wasu ƙarafa da ya ciro daga injin wanki. A watan Yuli na 1993 ya je Hamar ta ƙasar Norwe don ya karya tarihin nisan da aka taɓa yi cikin awa guda, wato kilomita 51.151 da Francesco Moser ya kafa a 1984. Ranar farko ya gaza. Washegari da safe ya sake hawa, ya yi kilomita 51.596. Ko mako guda ba a yi ba Chris Boardman ya shafe wannan tarihi. To, shin wahalar Obree ta tashi a banza? Mu a ganinmu, a'a. An ƙwace masa lambar, amma komawar da ya yi da safe bayan faɗuwar jiya tana nan, ba mai iya ƙwace ta.

Sai dai akwai ƙorafe-ƙorafe da ya kamata a saurara. Na farko, wani zai ce ai wannan wasan masu ƙoshi ne. Manomin da ya yini yana huɗa, ko mai turin baro a kasuwa, ba ya bukatar ya ƙirƙiro wa kansa gajiya. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, tarihi ma ya tabbatar da ita. An daɗe ana amfani da dokar hana 'yan wasa karɓar kuɗi wajen danne marasa hali. Jim Thorpe na Amurka ya ci zinare biyu a Olamfik ta 1912, aka ƙwace su a 1913 don an gano ya taɓa karɓar 'yan kuɗi kaɗan a wani wasan ƙwallo, ba a kuwa maido masa da haƙƙinsa ba sai a 1982, shekara 29 bayan rasuwarsa. Don haka ba mu ce neman abinci da wasa aibi ne ba, ba mu kuma ce mai tseren sha'awa ya fi manomi ba. Abin da muke cewa shi ne, wanda aikinsa na zaman kujera ne, yana bukatar wata makaranta da za ta koya masa abin da gona ta koya wa manomi, wato ba a girbin abin da ba a shuka ba.

Ƙorafi na biyu shi ne, ina iyakar juriya? A Olamfik ta 1908 a Landan, Dorando Pietri na Italiya ya shigo fili a gaban kowa, amma hankalinsa ya gushe, ya faɗi sau da dama, jami'ai suka tallafe shi har ya tsallaka layi, daga baya aka soke nasarar aka ba Johnny Hayes na Amurka. Jiki amana ne a hannun mai shi. Haƙuri daban, taurin kai daban, kuma mai hankali shi ne wanda ya iya rarrabe ciwon gajiya, wanda ake daurewa, da ciwon halaka, wanda ake tsayawa dominsa. Ko labarin Akhwari ma, abin koyi a cikinsa niyyar ce, ba gudu da rauni ba.

Inda darajar abin ta fi fitowa fili shi ne wajen maguɗi. A 1980 aka ba Rosie Ruiz kambun mata a gasar Boston, bayan 'yan kwanaki aka gano kusa da ƙarshe ta kutsa cikin tseren, aka karɓe aka ba Jacqueline Gareau ta Kanada. Mai neman kambu yana iya ruɗin alƙalai. Amma wanda yake gudu don kansa, wa zai ruɗa? In ya yanke hanya, ƙafafunsa sun san ba su yi tafiyar ba.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, mu da muke zaune a jami'a. Digiri ma dogon gudu ne, kuma akwai masu son su faɗo cikinsa daf da layin ƙarshe, ta hanyar satar amsa ko kwafe aikin wani, kamar yadda akwai masu laɓewa a bayan abokan aiki ba su taɓa karɓar iska ba. Irin waɗannan sukan samu takarda, amma ilimin bai shiga ba. Ashe ke nan mai tseren sha'awa yana da nasa zomon, sai dai ba a dawa yake ba. Halin da ya gina ne, na haƙuri da riƙon amana da faɗa wa kai gaskiya. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah Ya sa mu gama da ƙafafunmu.